Rufe da Malfa, Baba

Lahadi a Gujungu,
rumfar kwano, tebur ɗaya,
kujera mai ƙafa uku, bulo ne ta huɗu.
Na'urar POS a dama, jakar kuɗi a cinya.
Sabis kuwa kamar ruwan farkon damina:
ya yi yayyafi nan, ya tsallake can.
In ya ɗauke sai in ɗaga na'urar sama
kamar mai nuna wa jama'a jinjirin wata.

Baba Ilu ya sayar da riɗi buhu huɗu,
an tura masa kuɗin banki.
Katinsa a cikin leda, ledar a cikin tsumma,
tsumman a ƙasan aljihu.
Duk wannan ɓoyo, da na miƙa masa na'ura
sai ya buɗe baki ya faɗi lambar sirrinsa
da muryar da yake kiran shanu a fadama.

Na ce, "Baba, tsaya!
Ka kulle rumbu, ka rataye mabuɗin a bakin hanya?"
Ya ce, "Ai duk namu ne nan."
Na ce, "Fuskoki namu ne, kunnuwa ban sani ba.
Cire malfa ka rufe hannunka."
Ya rufe, ya danna da yatsan da ya saba da fartanya.

Na'ura ta yi tunani.
Ta daɗe tana tunani.
Sai ta ce an ƙi.
Wayarsa ta yi ƙara, ta ce an cira.

Dubu arba'in, ba a jakata, ba a aljihunsa.
Bai zage ni ba.
Kallona kawai ya yi,
kallon mutumin da ya san ubana.

Na kira Tasi'u.
Bayan la'asar ya iso daga Ringim a babur,
jakar kayan aiki a ƙirji, sukundireba a haƙori.
Ya sauya layi, ya hure ƙurar bakin kati,
ya fitar da rasit ɗin da ya maƙale,
ya kira banki, suka sa masa kiɗa minti ashirin.
Lambar ƙorafi ya rubuta a bayan takardar,
ya ce, "Baba, kuɗinka ba su ɓata ba,
makara suka yi a hanya. Riƙe wannan kar ta jiƙe."

Kafin ya tashi babur ya juyo gare ni:
"Ka ji na Talatu mai shinkafa?
Wani ya zo da shadda mai maiƙo,
ya nuna mata alat a wayarsa, ya ɗau buhu biyu.
Har yau tana jiran kuɗin.
Abin da ke hannun wani hoto ne,
duba naka asusun da idonka.
Wanda ya kira ya ce daga kamfani yake,
ka karanto masa lambar da aka turo,
kashe wayar, ko da ya san sunan kakarka.
Kuma ban da ni kar kowa ya kwance na'urar nan."

Dare uku ina juyi a tabarma.
Ba kuɗina ba ne, amma sunana ne.

Laraba, ba kasuwa, rumfuna duk wayam,
sai ga keke yana kuka daga yamma.
Baba Ilu, gumi har gemu,
ƙullin gyaɗa a bayan sirdi.
"Sun dawo, ɗan nan! Da asuba suka shigo.
Na je banki ma, na sauya lambar."

Ya waiga hagu, ya waiga dama,
ba kowa sai akuya tana cin kwali.
Ya sunkuyo, ya kawo bakinsa kusa da ni
zai raɗa mini sabuwar.

Na toshe kunnuwana da hannu biyu.